Haɗarin ƙananan jirage a lokacin sauka: abin da ke bayan kalmar “kuskuren matuƙi”

Ƙananan jiragen sama sun fi samun haɗari a lokacin sauka fiye da kowane ɓangare na tafiya, kuma galibi injin jirgin lafiyarsa ƙalau. Rahotannin bincike daga Najeriya, Brazil da Amurka na nuna cewa kuskuren da ake gani a mintocin ƙarshe yakan samo asali tun kafin jirgin ya bar ƙasa.

Amurka ce ƙasar da ta fi kowace yawan jiragen da ba na kamfanonin jigila ba kuma ba na soja ba. Tana da irinsu sama da 200,000, mafi yawansu ƙanana masu inji ɗaya, kuma a kowace shekara ana samun haɗari kimanin 1,000 ko fiye a tsakaninsu. Ƙungiyar masu ƙananan jirage da matuƙansu, wato AOPA, tana fitar da rahoto duk shekara a kan waɗannan haɗurra, kuma abu ɗaya ne ke dawowa a cikinsa: mafi yawan haɗurran daga ɗan Adam suke, ba daga ƙarfe ba, sannan sauka ce ke kan gaba. Jirgi ya zarce ƙarshen titin sauka, ko ya kauce gefe, ko ya doki ƙasa da ƙarfi har ƙafar gaba ta karye.

Yawancin haɗurran da ke faruwa a kan titin sauka ba sa kisa, domin gudun jirgin ya riga ya ragu. Inda ake rasa rayuka shi ne a kilomitocin ƙarshe kafin filin jirgi, lokacin da jirgin ya yi ƙasa-ƙasa, gudunsa ya ragu, aiki kuma ya yi wa matuƙi yawa. A nan ne wani haɗari ya faru wanda ya jefa jaha guda ta arewacin Najeriya cikin rikicin siyasa na sama da shekara biyu.

Darasin Yola

A ranar 25 ga Oktoban 2012, gwamnan jahar Taraba, Danbaba Suntai, ya taso daga Jalingo zuwa Yola a cikin jirgi ƙirar Cessna 208, mallakar gwamnatin jahar. Shi da kansa ne ke tuƙi. Suntai masanin haɗa magunguna ne, daga baya ya koyi tuƙin jirgi a kwalejin horar da matuƙa ta Zariya. Jirgin ya faɗi a wajen garin Yola da almuru, yana shirin sauka. Gwamnan da muƙarrabansa da ke ciki sun tsira da rai, amma shi ya samu mummunan rauni a ka.

An kai shi Jamus, daga nan Amurka. Ya koma gida a watan Agustan 2013 bayan wata goma yana jinya, sai taƙaddama ta ɓarke a kan ko yana da lafiyar da zai ci gaba da mulki. Mataimakinsa, Garba Umar, ya ci gaba da riƙon ƙwarya har zuwa Nuwamban 2014, lokacin da kotun ƙoli ta maido da tsohon mataimakin gwamna Sani Abubakar Danladi. Suntai bai sake riƙe ragamar jahar ba. Ya rasu a Amurka ranar 28 ga Yunin 2017.

Hukumar binciken haɗurran jiragen sama ta Najeriya, AIB, wadda yanzu ta koma NSIB, ta ce ba ta iya tantance takamaiman dalilin faɗuwar ba. Amma abubuwan da ta lissafa sun isa darasi. Matuƙin yana da takardar izinin tuƙi ta masu tuƙa kansu, ba shi da cancantar tuƙa wannan samfurin jirgi, ba shi da izinin tuƙi da na'urori ko tuƙin dare, kuma ya yi tafiyar da ta dogara da gani da ido bayan faɗuwar rana. Rahoton ya kuma nuna gazawar hukumar da ke sa ido kan sufurin jiragen sama.

Bambancin jiragen ba ƙarami ba ne. Cessna 172, wanda akasarin ɗalibai ke koyo da shi, kujera huɗu gare shi, nauyinsa bai wuce tan ɗaya da ƴan kai ba. Cessna 208 kuwa yana kai kusan tan huɗu, injinsa wani iri ne daban, kuma ya fi gudu. Batun lokaci ma haka. A ƙasashen da ke kusa da tsakiyar duniya, tsakanin faɗuwar rana da duhu bai kai rabin awa ba. Wanda ya makara wajen tashi da minti ashirin zai iya isa ya tarar ba ya bambance ƙasa da sama.

Abin tambaya a nan shi ne wane ne zai iya ce wa gwamna kada ya tashi. A kamfanin jigila akwai shugaban matuƙa, akwai mai tsara tafiya, akwai mataimaki a kujerar dama wanda doka ta ba shi ikon yin magana. Mai ƙaramin jirgi shi ne matuƙi, shi ne mai tsara tafiya, shi ne mai yanke hukunci. In kuma mai mulki ne ko attajiri, waɗanda ke kewaye da shi ma'aikatansa ne.

Me ya sa sauka ta fi wuya

Jirgi yana tsayawa a sama ne saboda iskar da ke bi ta kan fikafikansa. Idan gudu ya yi ƙasa da wani mizani, fikafikan sai su daina ɗaukarsa, ya sulmiyo. Sauka kuwa tana buƙatar matuƙi ya kusanci wannan mizani da gangan. Ƙa'idar da ake koyarwa ita ce a tunkari titi da gudun da ya ɗara wancan mizani da kimanin kashi 30 cikin 100. A Cessna 172 wannan na nufin kilomita 110 zuwa 120 a awa. Ƙasa da haka, jirgi na iya faɗuwa kafin ya kai titi. Sama da haka, sai ya yi ta shawagi a kan titin ya ƙi taɓa ƙasa, titi kuma yana ƙarewa.

Ƙarin gudu kaɗan yana da tsada. Idan jirgi ya taɓa ƙasa da gudun da ya wuce ƙa'ida da kashi 10 cikin 100, nisan da zai ci kafin ya tsaya yana ƙaruwa da kimanin kashi 20. Hukumar sufurin jiragen sama ta Birtaniya tana ba matuƙan ƙananan jirage wasu alƙaluma na lissafi: iskar da ke tura jirgi ta baya, in ta kai kashi 10 na gudun sauka, tana ƙara nisa da kashi 20, duk ƙarin zafi na digiri 10 yana ƙara kashi 5, jiƙaƙƙiyar ciyawa tana ƙara kashi 35. Bayan an haɗa duka, hukumar ta ba da shawarar a ninka sakamakon da 1.43 domin barin sarari ga kuskure.

A ɗauki jirgin da littafinsa ya ce yana buƙatar mita 400. Da ƴar iskar baya ta kilomita 12 a awa, da ƙarin zafi na digiri 20, buƙatarsa ta haura mita 520. In an sa sararin kuskure, ta wuce mita 750. Matuƙin da ya haddace 400 kawai, ya nufi titi mai mita 600, ya riga ya shiga matsala alhali babu abin da ya lalace a jirginsa.

Sai iskar gefe. An gwada Cessna 172 da iskar gefe ta kimanin kilomita 28 a awa, amma wannan gwajin ƙwararren matuƙi ne ya yi shi. Sabon hannu na iya rasa iko da jirgin da iskar da ba ta kai haka ba. Akwai kuma tsalle: jirgi ya doki ƙasa ya koma sama, matuƙi ya tura hancinsa ƙasa domin ya tilasta masa zama, sai tsalle na biyu ya fi na farko, na uku ya karya ƙafar gaba. A jiragen da ake naɗe tayoyinsu, har yau ana samun masu sauka a kan cikin jirgi saboda sun manta su sauke tayoyin, sau da yawa don wani abu ya ɗauke musu hankali a daidai lokacin.

Maganin da ake da shi amma ba a sha

Kusan duk waɗannan matsaloli suna da mafita ɗaya wadda ake koya wa kowane ɗalibi tun makonnin farko: fasa sauka. Matuƙi ya ba inji wuta, ya koma sama, ya zagayo ya sake gwadawa. Abin da zai ci shi ne ƴan mintoci da ɗan mai.

Gidauniyar Flight Safety Foundation ta Amurka ta shimfiɗa ƙa'idar da kamfanonin jigila da yawa ke bi: idan jirgi ya sauko zuwa mita 150 daga ƙasa a sararin da ake gani, ko mita 300 a cikin gajimare, kuma gudunsa ko saitinsa ko yadda yake gangarowa bai daidaita ba, to a fasa. Amma binciken da gidauniyar ta wallafa a 2017 ya gano cewa a cikin saukar da ba ta daidaita ba, kimanin kashi 3 cikin 100 ne kawai ake fasawa. Wannan a manyan jirage ke nan, masu matuƙa biyu da horo a kai a kai. Mai tuƙi shi kaɗai ba shi da wanda zai tuna masa.

Dalilan ƙin fasawa na ɗan Adam ne. Titi yana gabansa, yana ganinsa, zuciyarsa ta riga ta sauka. Akwai masu jira a ƙasa, akwai taro, rana tana faɗuwa, mai yana raguwa. Akwai kuma kunya: fasinjoji za su ce bai iya ba. Sannan duk lokacin da ya sauka ba bisa ƙa'ida ba kuma ya tsira, sai ya ƙara yarda cewa ƙa'idar ta yi tsauri. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa, a wannan fage kuwa saurin minti biyar na iya haifar da jinyar shekaru.

Kuɗi na sayen jirgi, ba sa sayen awoyi

Ana iya samun takardar izinin tuƙa ƙaramin jirgi bayan awa 40 na tuƙi a Amurka, ko awa 45 a ƙasashen Turai. Matuƙin kamfanin jigila a Amurka kuwa, a ƙa'ida sai ya tara awa 1,500. Bayan samun takardar, abin da doka ke nema ga mai son ɗaukar fasinja shi ne ya yi tashi uku da sauka uku a cikin kwana 90 da suka wuce. Wannan shi ne mafi ƙarancin abin da doka ta yarda da shi, kuma mai tuƙi sau ɗaya a wata zai iya cika shi ba tare da hannunsa ya faɗa ba.

Haɗarin ya fi girma idan mutum ya haura zuwa jirgin da ya fi ƙarfin gogewarsa. Thurman Munson, kyaftin ɗin ƙungiyar wasan besbol ta New York Yankees, ya sayi jirgi mai injin jet ƙirar Cessna Citation domin ya riƙa zuwa ganin iyalinsa tsakanin wasanni. Makonni kaɗan bayan haka, ranar 2 ga Agustan 1979, yana atisayen sauka a filin jirgin Akron-Canton a jahar Ohio, jirgin ya faɗi kafin ya kai titi ya kama da wuta. Munson ya mutu yana da shekara 32, mutum biyu da ke tare da shi sun tsira. Hukumar bincike ta NTSB ta gano cewa bai sauke leɓatun bayan fikafikai ba, waɗanda ke ba jirgi damar tafiya a hankali, ya bar gudu ya yi ƙasa, kuma bai bi jerin abubuwan dubawa kafin sauka ba.

Gogewa ma ba ta hana kuskure. A ranar 13 ga Fabrairun 2017, ɗan wasan fim Harrison Ford, wanda ya shafe shekaru da yawa yana tuƙi, ya sauke ƙaramin jirginsa a kan hanyar da jirage ke bi a ƙasa maimakon titin da aka ba shi a filin jirgin John Wayne na Kalifoniya. Ya wuce ta saman wani Boeing 737 na kamfanin American Airlines mai ɗauke da mutum sama da 100. Babu wanda ya ji rauni, kuma shi da kansa ya kira hasumiyar kula da zirga-zirga ya amsa kuskurensa.

Kuskuren wa?

Kalmar “kuskuren matuƙi” tana da sauƙin furtawa, musamman idan matuƙin ya mutu ba zai iya kare kansa ba. Haɗarin da ya kashe mawaƙiyar Brazil Marília Mendonça ya nuna yadda batun ke da sarƙaƙiya. A ranar 5 ga Nuwamban 2021, jirgin haya ƙirar King Air da ya ɗauko ta daga Goiânia ya doki wayar layin wutar lantarki a lokacin da yake shirin sauka a Caratinga, jahar Minas Gerais. Duka mutum biyar da ke ciki sun mutu. Mawaƙiyar tana da shekara 26.

Cibiyar binciken haɗurran jirage ta Brazil, CENIPA, ta fitar da rahotonta a watan Mayun 2023. Ba ta samu matsalar inji ba. Ta gano cewa matuƙan sun tsawaita zagayen da ake yi kafin a fuskanci titi fiye da yadda aka saba ga irin wannan jirgi, abin da ya kai su ƙasa-ƙasa a yankin da layin wutar yake. Layin ba shi da alamun gargaɗi, amma yana wajen yankin da doka ta tilasta a sa su. Daga baya ƴan sandan jahar suka ɗora alhakin a kan matuƙan, yayin da iyalan matuƙin suka nuna yatsa ga rashin alama a kan wayoyin.

Ɓangarorin biyu kowanne yana da abin kamawa. Da matuƙan sun bi zagayen da aka saba, da ba su haɗu da wayar ba. Da wayar tana da alama, mai yiwuwa da sun gan ta. Wannan ne ya sa dokar ƙungiyar sufurin jiragen sama ta duniya, OACI, ta ce manufar binciken haɗari ita ce hana sake aukuwarsa, ba raba laifi ba. Hukumar BEA ta Faransa, wadda ke binciken haɗurran ƙananan jirage na ƙungiyoyin masu sha'awar tuƙi a ƙasar, a kan wannan turba take aiki, tana wallafa rahotanninta kowa ya karanta. Ruwa ba ya tsami banza: bayan an ce matuƙi ya yi kuskure, saura a tambayi wa ya horar da shi, wa ya duba takardunsa, wane labarin yanayi aka ba shi, kuma wane ne ke matsa masa ya isa a kan lokaci.

Binciken kansa ya fi wuya a ƙananan jirage, domin akasarinsu doka ba ta tilasta musu ɗaukar baƙin akwati ba. Masu bincike sai su dogara da tarkace, da shaidu, da abin da na'urorin GPS suka adana. Shi ya sa rahotanni da dama, kamar na Yola, ke ƙarewa da jerin abubuwan da suka taimaka maimakon dalili guda.

Abin da ya shafi Nijar

Masu jirgin kansu ba su da yawa a Nijar, amma ƙananan jirage suna da aiki a ƙasar da tafiya daga Yamai zuwa Damagaram ta kai kusan kilomita 900 a mota. Da su ake kwashe marasa lafiya, ake kai ma'aikatan agaji da na kamfanonin ma'adinai, ake feshin maganin fari. Asibitin Galmi a jahar Tawa yana da ɗan filin saukarsa. Irin waɗannan jirage suna sauka ne a cikin yanayin da alƙaluman da aka kawo a sama ke magana a kai: zafin Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40, hazon hunturu da ke rufe gari, guguwar da ke riga ruwan damina isowa ta juya iska cikin mintoci, da filayen karkara inda dabbobi da mutane ke ratsa titi.

Ƙasar ba ta rasa cibiyoyi ba. Hukumar ANAC ce ke da alhakin sa ido kan takardun matuƙa da lafiyar jirage. ASECNA, wadda aka kafa a 1959, ita ke kula da zirga-zirgar sama, kuma makarantarta ta EAMAC da ke Yamai tana horar da masu kula da zirga-zirga da masana yanayi daga ƙasashen Afirka da dama. Abin da misalan Yola da Caratinga ke nunawa shi ne inda ya kamata a tsananta: a tabbatar takardar matuƙi ta dace da samfurin jirgin da kuma lokacin tafiyar, ko wane ne shi, a sa alama a kan wayoyin lantarki da eriyoyin salula da ke kusa da filayen sauka ko da doka ba ta tilasta ba, a killace filayen karkara, a isar da labarin yanayi ga matuƙi kafin ya taso, a kuma wallafa rahoton kowane haɗari domin wasu su koya.

Fasinja ma yana da rawar takawa, musamman in shi ne mai biyan kuɗin tafiyar. Matuƙin da ya ce a kwana sai gobe, ko ya fasa sauka ya sake zagayowa, ko ya juya zuwa wani filin, yana yin daidai abin da aka horar da shi ya yi. Idan ya san hakan zai jawo masa faɗa ko asarar aiki, wata rana zai yi shiru ya ci gaba da gangarowa. Hukumomi na iya gyara doka da filaye, amma magabata da ƴan kasuwar da ke hayar waɗannan jirage su ne za su nuna ko matuƙi na da damar cewa a'a.